Ayarin Babura a Ɗakin Horo

A tashar Rurum Munzali ya fara ganin Adawiyya, tana yi wa ɗan acaba tsiya don ya fallatsa mata taɓo a hijabi. Shi ke nan fa, soja guda ya saki baki, har ya manta inda za shi. Daga nan soyayya ta ƙullu.

Sojan sama ne, amma a ƙasa yake aiki, shi ke faɗa wa matuƙin jirgi ta rediyo inda zai saki wuta. Wannan aikin kuwa mahaifinta, Malam Baffa mai makaranta a Kibiya, ko sunansa ba ya son ji.

"Mai kiran wuta a kan bayin Allah? Zuciyarsa ta bushe. Ga Khalid nan, ɗan mutunci, yana jira."

Adawiyya ta ci kuka har ta gode Allah.

Ana cikin haka aka tura Munzali kwas. A ɗaki ake haɗa su, shi da matuƙi da mai duba hotuna, gaban manyan allunan kwamfuta, ana kwaikwayon yaƙi. Kwatsam ya yi ɗif, ba kira ba saƙo.

Ta rubuta masa: "Sojana, laifin me na yi? Iyayen Khalid za su zo ranar Juma'a. Tsoro nake ji."

Sai ga amsa: "Hasken idona, barci ya gagare ni. A horo mun hango ayarin babura, mai duba hotuna ya ce a dakata, ban saurare shi ba, na ce a saki wuta. Ashe 'yan kai amarya aka saka mana don gwaji. Na san hoto ne, ba wanda ya mutu, amma wallahi ganinsu nake yi. Ban cancance ki ba."

Ba ta tsaya shawara ba, ta durƙusa gaban Malam ta miƙa masa wayar.

"Baba, ka karanta, sannan ka yanke hukunci."

Malam ya karanta saƙon har ƙarshe, ya ɗago kai.

"Mutanen cikin kwamfuta ne suka hana shi barci?"

"Su ne, Baba."

"To, ki ce ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, Malam ya kama hannun ango ya riƙe gam, idonsa ya cicciko.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya tagari. Wannan tsoron kuma, Munzali, kada Allah Ya raba ka da shi."