Ƙarfe Ba Ya Ƙirga Uku

Hantsi bai gama ɗagawa ba wata tsohuwa ta shigo ofishin 'yan sanda na Anka ko takalmi babu a ƙafarta, ta tsaya gaban kanta ta ce ita babba take son gani. Babban da ke nan ranar shi ne Insfekta Zayyad Gummi, mutumin da kuratansa ke cewa ko gaisuwa ya amsa maka sai ka ji kamar tuhumarka yake yi.

"Inna, mi yaf faru?"

"Sunana Saudatu. An kawo mani gawar ɗana Makau daga Ƙaura, wai masassara tak kashe shi. Yallaɓai, ni na haihe shi. Masassara ba ta cire akaihu."

Insfekta ya ɗauki hularsa ya bi ta.

A zaure aka kwantar da mamacin. Insfekta ya ɗaga mayafin ya kama hannun. Faratan duk sun tsage, uku ma babu su, kuma a tsagar yatsun akwai wani gari rawaya. Leɓen ya dare kamar ƙasar fadama a bazara. Ya sa aka kira likita, ya duba, ya ce ƙishirwa ce. Da aka gama rubuta rahoto Insfekta ya bari aka yi jana'iza, don ba ya son riƙe gawa ya ƙara wa uwa zafi.

Makau leburan reluwe ne, shekara ashirin da biyu yana bin layi. Kullum da safe zai saɓa doguwar guduma, ya sa alli rawaya a aljihu, ya bi layin dogo yana bugun ƙarfe yana saurare, inda ya ga ɓarna ya yi alama. Jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, abokan aiki suka watse neman abinci, shi kam bai fasa ba. Mutane na yi masa dariya, wai yana gadin hanyar da ba mai bi.

Wanda ya kawo gawar shi ne Sahabi, helman leburorin, wato shugabansu. Maraya ne, Saudatu ta shayar da shi tare da Makau. Ya fi kowa kuka a maƙabarta, har sai da aka riƙe shi.

"Ina ka iske shi?" Insfekta ya tambaye shi.

"Cikin taragon kwananmu, ranka shi daɗe, wanda anka aje bayan tasha. Can yakan kwanta in jikinai ya matsa."

"Ƙofa buɗe ko rufe?"

"Buɗe. Wa za ya rufe ta?"

"Tambayata ke nan. Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni ne, amma ya ɓace tun bara."

"Kai ina kake kwanakin nan?"

"Gusau, wajen surukaina. Jiya nid dawo."

Insfekta ya rubuta, ya yi masa ta'aziyya. Ya lura da abu guda: sau biyu ana miƙa wa Sahabi ruwa, sau biyu yana kawar da kai.

Washegari da azahar Insfekta ya isa yadin jirgin ƙasa a Ƙaura, bayan ya sanar da 'yan sandan can. Ciyawa ta cinye layukan ajiya. Can ƙarshe taragon yake, tsohon ɗakin kwanan leburori mai tayoyi, wanda a da ake ja a kai shi duk inda gyara ya kama. Tun da aka ajiye shi aka like tagoginsa da falankin ƙarfe saboda ɓarayi. Insfekta ya taɓa jikinsa ya janye hannu da sauri, don ko ƙwai aka fasa a kai zai soyu.

Ciki gadaje takwas ne, kowane da lambarsa. Durom na ruwa yana kife, busasshe ƙayau. Bayan ƙofar duk karce ne da jini, kuma fentin ya lotsa inda aka yi ta bugu da guduma. Gudumar tana yashe a ƙasa. Mai masassara ba ya wannan aiki.

A jikin gado mai lamba ɗaya an zana da'ira da alli rawaya, an gicciye ta da layi biyu. An maimaita zanen har allin ya ƙare.

Mai gadin yadin wani dattijo ne, Saminu, tsohon lebura da ƙafa ta hana shi bin layi.

"Baba, ka ji wani abu kwanakin nan?"

"Ban ji komi ba. Kunnena ya yi nauyi."

Insfekta ya juya baya ya ce wa kofur ɗin da ke biye da shi a hankali, "Kofur, kawo ankwa."

"Don Allah yallaɓai, mi ni yi?"

"Ashe kunnen na aiki. Zo ka faɗa mani, wannan zanen mene ne?"

Saminu ya leƙa, sai ya zauna a matakala. "Alamar mai bin layi ta. Makau bai iya boko ba, wagga ɗai ya iya rubutawa. In katakon da ke ƙarƙashin layi ya ruɓe, ita akan sa mashi. Ma'ana, ruɓaɓɓe ne, a hidda shi kahin shi kada jirgi."

"Gado mai lamba ɗaya fa?"

"Na helma."

Daga nan bakin Saminu ya buɗe. Ranar Alhamis ya fara jin bugu daga tarago. Ya nufi wurin, sai ya iske Sahabi zaune a inuwar taragon yana cin rogo. Sahabi ya ce masa ƙarfe ne ke miƙa saboda rana, Makau kuwa ya tafi Anka ganin gida, kuma in ya sake matsowa nan zai sa a kore shi daga gadi.

"Ka yarda?"

"Yallaɓai, shekarata talatin cikin ƙarfe. Ƙarfe na kuka in ya sha rana, amma ba shi ƙirga uku. Bugu uku, shiru, bugu uku. Kiranmu na, in haɗari ya abku bisa layi. Alhamis da ƙarhi. Juma'a ya rage. Asabar da la'asar sai ɗaya-ɗaya." Ya fashe da kuka. "Tsoro na ji. Ni dai tsoro na ji."

Insfekta bai lallashe shi ba. A ransa haushin tsohon ya kusa kai na wanda ya rufe ƙofar. Ya sa aka rubuta bayaninsa, sannan ya zaga bayan tarago. A layin ajiya na uku, ƙarafa sun yi ƙafa, an kwance su an kwashe, sai katakai kwance tsirara. Saminu ya ce ranar Litinin ake sa ran babban mai duba layi zai zo, kuma Makau ya rantse zai nuna masa wurin.

A hanyar komawa Insfekta ya ratsa ta Tungar Daji, inda masu haƙar zinariya ke fasa dutse. Bai sha wahalar nema ba. Kusan kowace rumfa da guntun ƙarfen layin dogo a matsayin maƙera, a jikin ɗaya ma har da ragowar alli rawaya. Ya tambayi mai rumfar inda ya samo.

"Wani ɗan Anka ka kawo muna. Helma aka ce mashi."

Ranar sadakar uku zauren ya cika. Sahabi na zaune kusa da liman yana karɓar gaisuwa a madadin gida. Insfekta ya jira aka shafa fatiha, sannan ya tsuguna gabansa, ya fito da guntun alli ya zana da'ira a daɓen zauren, ya gicciye ta da layi biyu.

"Helma, karanta mana."

Sahabi ya dubi zanen. Insfekta ya ci gaba.

"A gadonka aka rubuta. Surukanka na Gusau sun ce rabonsu da kai tun Sallah. Makullin da ya ɓace tun bara kuma, miƙe mu ga abin da ke rataye a tsatsonka."

Kofur ya ɗaga rigar. Makullin na nan ɗaure da igiyar wando.

"Ba kashe shi ni so yi ba," Sahabi ya ce. "Na ce shi zo mu yi magana, na hita na ja ƙofa. Cewa ni yi shi rantse ba ya hwaɗa ma mai duba layi ba, in buɗe. Kullum sai na tambaye shi ta jikin ƙarfe. Shi ko sai shi ce layi amana ta. Taurin kai garai, Inna ta sani."

"Durom ɗin ruwa fa?"

Sahabi ya kawar da kai.

"Na ce durom fa?"

"Na zubar kahin shi shiga. Don shi yi saurin yarda."

Salati ya tashi a zauren. Wasu samari suka yunƙura, Insfekta ya daka musu tsawa suka koma. Aka sa wa Sahabi ankwa aka fito da shi cikin rana, aka ɗora shi bayan mota.

Saudatu ta fito daga cikin gida da moɗa cike da ruwan randa. Duk abin da aka faɗa a kunnenta aka faɗe shi, amma idonta a bushe yake. Ta tsaya daidai ƙafar motar.

"Sahabi, ya kira sunana?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranar Juma'a. Yana ta kira."

"Kai kana ina?"

"Bakin ƙofa." Ya miƙo hannuwansa ɗaure wajen moɗar. "Inna, maƙoshina ya bushe. Don nonon da kika ba ni."

Ta ɗaga moɗar har sanyinta ya kusa taɓa yatsunsa, sannan ta karkata ta a hankali. Ruwan ya zuba a ƙasa, ƙasa ta shanye, kowa na kallo har ɗigon ƙarshe.

"Wanga na Makau ne," ta ce. "Kai buga uku, ka ga wa za ya zo."

Insfekta Zayyad yana da gorar ruwa a gaban mota. Ya dube ta, ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya ce wa direba su tafi.