'Yar Laima Kai Ƙasa

Ranar da labarin ya iske Auta tana shagon ɗinki, allura a bakinta, tana haɗa hannun wata riga. Mai facin taya da ke maƙwabtaka da lambun mijinta ne ya shigo, hularsa a hannu, ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

"Ki zo... Mai Furanni ya faɗi a wurin aiki."

"Ya faɗi? To ku ɗaga shi mana!" ta ce, har da 'yar dariyarta, don ta san mijinta da santsin laka. Kullum da jiƙaƙƙen wando yake dawowa gida.

Mai faci bai yi dariya ba. A nan allurar ta suɓuce daga bakinta.

Zuciya ce, in ji likita. Da bokitin ban-ruwa a hannunsa ya tafi.

Sai dai duk wanda ya san Mai Furanni ya san ba mutumin da za a ba da labarinsa da kuka zalla ba ne. Da faɗa ma suka fara, shi da Auta.

Lambunsa na bakin titi, tsallaken shagon da take ɗinki. Wata rana ta tsallaka neman jan fure da za ta ajiye a taga, sai ta ga wani tsohon baho cike da ruwa a tsakiyar tukwane. A cikinsa wata ciyawa ce doguwa, kowane kara da ganye a kansa a baje kamar ƙarafunan laima.

"Malam, wannan kuma fa? Mantawa ka yi ba ka cire ba?"

"Wacce?"

"Ciyawar nan mana. Ta bakin rafi ce fa, ko akuya sai ta rasa abin ci take kallonta."

Ya dafe ƙirji kamar an soke shi. "A gabanta kike faɗa? Tana ji fa! 'Yar laima ke nan, 'yar fadama ce, dangin kajiji. Duk lambun nan ita ce sarauniya."

"Sarauniya a bahon wanka?"

"Ke ma ai a benci nake hango ki kullum, bai rage ki da komai ba."

Kafin ta samo amsa ya ɗauki almakashi ya yanko kai guda da ɗan kara, ya datse ganyen suka koma gajeru, ya miƙa mata.

"Kyauta. Ki sa a kofi da ruwa. Kai ƙasa, kara sama."

Auta ta tabbata raina mata hankali yake yi. Wa ya taɓa dasa abu kai ƙasa? Ta sa ta a tsaye yadda ake sa fure. Ba a jima ba ta yi rawaya, ruwan ya yi wari. Ta ɗauko kofin ta tsallaka titi ta dangwarar masa.

"Matacciya ka ba ni!"

"Yaya kika sa ta?"

"Yadda kowane mai hankali yake sa fure."

"To ita ba ruwanta da masu hankali, Mai Gardama. A fadama in karan ya tsufa sunkuyawa yake yi, kan ya taɓa ruwa, daga nan 'ya'ya suke fitowa. Sai ta sunkuya take haihuwa."

Ya yanko wata. Wannan karon ta bi maganarsa, don dai ta samu abin ƙaryata shi. Bayan 'yan kwanaki sai ga fararen saiwoyi kamar zare sun leƙo daga tsakiyar ganyen, daga baya ɗan tsiro kore ya ɗago kai. Ranar saura kaɗan mota ta kaɗe ta, tana gudu da kofi a hannu.

"Ta fito! Wallahi ta fito!"

"Ni ma na fito," ya ce. "Ina ne gidanku?"

A gida kuwa Inna, mahaifiyarta, ta ce sam.

"Mai sayar da ciyawa? Abin da nake sawa a nome mini a bayan ɗaki shi wani yake kira sana'a? Auta, duk mazan garin nan?"

"Inna, mutumin kirki ne..."

"Kirkinsa ya riƙe abinsa!"

Da ya zo gaisuwa da 'yar laima a bokiti, Inna ko tsakar gida ba ta bari an shigo da ita ba. Ta ce gidan sauro ne ya kawo mata. Auta ba ta yi musu ba, ba ta yi yaji ba. Dariyarta ce kawai ta ɗauke daga gidan, kuma gidan da ya saba da surutun Auta bai iya shiru ba. Inna ta gaji ta ce, "Je ki, Allah ya sa albarka. Amma kada ya kawo mini kududdufi gida."

Har bayan aure "Mai Ciyawa" take kiransa, a gaban idonsa. Shi kuma sai ya durƙusa ya gaishe ta ya ce, "Inna, wata rana da hannunki za ki shayar da ita."

"Allah ya kiyaye ni!"

Waccan ta kofin ita ce ta girma ta cika baho a bayan ɗakinsu, har ta kusa tsawon Auta. Shi ya koya mata komai. Kada ruwa ya taɓa sauka ƙasa da gindinta. Karan da ya yi rawaya a yanke shi daga tushe. Tana son haske amma ba ta son ranar tsaka ta dake ta. Ya zuba 'yan ƙananan kifaye a ciki suna cinye ƙwan sauro. Kowace safiya sai ya tsoma yatsa a bahon ya ce, "Sarauniya, kin sha?" sannan ya juyo ga Auta, "Ke fa, Mai Gardamata, kin sha?"

Bayan rasuwar gida ya cika da masu gaisuwa. Auta tana ɗaki, ba ta san safe ba, ba ta san yamma ba. Yayanta, mutum mai son gyara, ya zagaya baya ya ga baho cike da ruwa. Ya ce haba, shi ya sa sauro ya dami baƙi, kuma saiwar ma ai ruɓewa za ta yi. Ya kwashe kifayen ya ba maƙwabciya, ya tsiyaye ruwan, ya kawo ƙusa ya huda gindin bahon kamar yadda ake yi wa kowace tukunyar fure. Har da share wurin tas.

Da Auta ta samu ƙarfin zagayawa, sai ta tarar da 'yar laima a tsaye kamar tsintsiya. Duk ta bushe. Ta aika lambun bakin titi, aka ce mai filin ya riga ya kwashe komai. Ta durƙusa tana laluben karan ɗaya bayan ɗaya, can a tsakiya ta sami kai guda da sauran kore a jikinsa.

"Auta, ki yafe mini," in ji Yaya. "Wallahi taimako na yi niyya."

"Na sani, Yaya. Miƙo mini almakashi."

A makon ne Yaya ya ce ta tattara ta koma wurin Inna. Gwiwoyin tsohuwa sun ƙi, ga shi ita kaɗai ce a gida. Auta ba ta so barin ɗakin da ƙamshinsa yake ba, amma uwa uwa ce. Ta shiga mota da kofi a cinya, tafin hannunta a kan bakinsa kada ruwan ya zube. Abin da ya rage mata na Mai Furanni mai rai ke nan.

Ta ajiye kofin a tagar kicin, kai ƙasa.

Washegari ta tarar da 'yar laima a tsaye, kan a sama yana bushewa. Ta mayar da ita. Washegari ma haka. Ta zargi iska, ta rufe taga. Ta zargi kyanwar maƙwabta, har ta jefe ta da takalmi. Kullum ganyen ƙara ƙanƙancewa yake yi, bakinsa na komawa ruwan ƙasa. In aka ci gaba a haka, ta san ba za ta kai labari ba.

Sai ta yi sammako ta laɓe bayan ƙofa. Can ta ji ƙarar sanda, ƙwas... ƙwas... Inna ce ta lallaɓo, ta sa yatsu biyu ta ciro 'yar laima, ta share mata ruwa da bakin mayafi, ta tsayar da ita.

"Inna! Ashe ke ce?"

Tsohuwa ta zabura. "Ke! Za ki kashe ni? Ni ce, sai me?"

"Kashe ta kike yi, Inna! Ita kaɗai ta rage mini!"

"Ni ce mai kashewa? Ke da kika dulmiya kanta a ruwa kamar mai laifi?" Sai Inna ta sassauta murya. "Ina kallo na ce baƙin ciki ya juya wa 'yata tunani. Yaron nan tun da ya aure ki bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ina kiransa Mai Ciyawa yana dariya. Ban taɓa ce masa na gode ba, Auta, ko sau ɗaya... Shi ne zan bar abinsa kai ƙasa a gidana?"

Sai dariya ta ƙwace wa Auta, hawaye na zuba, ta rungume tsohuwa har sanda ta faɗi.

"Wayyo Inna! Ni ma haka na yi wa ta farko. A tsaye na sa ta, ta mutu, na je na yi masa tijara a bakin titi."

"Ke ɗin?"

"Ni ɗin. Daga kai take fitar da saiwa. Ya ce sai ta sunkuya take haihuwa."

Inna ta sharce hanci, ta harari kofin. "Shi dai komai nasa a juye yake, Allah ya jiƙansa. To me kike jira? Mayar da ita mana, tana bushewa!"

Daga ranar Inna ta zama mai gadi. Ta sa aka kawo mata kujera kusa da taga. Matar Yaya ta zo ta kai hannu za ta gyara, Inna ta buge hannun.

"Kul! Haka ake sa ta. Ku yaran yanzu ba abin da kuka sani."

Kwanaki suka yi ta tafiya ba alamar komai. Auta ta fara cire rai. Wata safiya tana shara sai ta ji ihu daga kicin.

"Auta! Auta! Zo ki ga, ta yi gemu!"

Fararen saiwoyi ne siri-siri, ga ɗan kore kamar kan allura yana leƙowa. Suka tsaya kai da kai suna kallo.

Inna da kanta ta ba da bahon wankinta, ta ce a duba da kyau ba huji. Yaya ya je ya karɓo kifayen a wurin maƙwabciya, ya kawo su yana sunkuyar da kai, Inna ta ce ya ajiye ya ja da baya, kuma kada a sake ganinsa da ƙusa a gidan nan. Ranar da aka dasa, ita ta karɓi kofin ta zuba ruwan farko.

"Ka ci nasara, Mai Ciyawa," ta ce a hankali. "Ga shi da hannuna."

Yanzu 'yar laima ta wuce ƙugun Auta. Ta koma ɗinkinta, tana dariya kamar da, wani lokaci kuma tana kuka, duk a yini guda. Amma kowace safiya kafin ta ɗauki jaka sai ta zagaya wurin bahon, ta tsoma yatsa ta ji inda ruwan ya tsaya, ta ƙara kofi guda.

"Sarauniya, kin sha?"

Daga cikin ɗaki Inna takan ɗaga murya. "Ta sha tun ɗazu! Ke ce dai ba ki sha komai ba, Mai Gardama. Zo ki karya kafin ki fita."