Tarihin da Rabi'atu Ta Tono

Rabi'atu na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, hawaye na ɗiga cikin rariya, mahaifinta Malam Nababa na tsaye a kanta.

"Daga yau ba ke ba Ƙasimu! Makarantar ma kin gama ta!"

Abin takaici, da bakinta ta jawo wa kanta. Malamin tarihinsu na aji huɗu na sakandare ne ya rufe littafi wata rana ya ce, "Tarihin Birnin Gwari ba ya cikin nan. Kowa ya je ya tambayi tsofaffi, ya koya wa kansa." Ita kuwa sarauniyar zumuɗi, sai ta fara da kakan Ƙasimu, ɗan ajinsu wanda aka riga aka yi musu baiko. Tsohon bai ɓoye komai ba: yana yaro mahara suka kamo shi a dajin Kuyello, aka sayar da shi. Ta dawo gida tana zuba labari, uban ya ji.

"Baba, asaimen ɗin makaranta ne fa kawai..."

"Asaimen ɗin gidanku! Jikan bawa zan ba 'yata?"

Aka hana ta leƙa ko zaure. Ƙasimu ya aiko ƙanwarsa Asama'u, wai su gudu Kaduna. Rabi'atu ta ce, "Ki ce masa ina son sa, amma ba zan tsallake Baba ba." Ranar ta yi kuka har ta gode Allah.

Damina ta wuce tana kulle. Tsohuwa ɗaya ta rage mata a duniya, kakarta Maiturare, mahaifiyar Malam Nababa. Sai Rabi'atu ta ci gaba da aikin tarihinta a kan tsohuwar, tana matsa mata ƙafa tana tambaya.

"Iya, a ina aka haife ki? Me ya sa danginki ba sa zuwa ko da salla?"

"Ke dai da tambayar tsiya!"

Kullum amsar ke nan. Sai wata safiya tsohuwar ta ce, "Kira min ubanki."

Ya zo ya durƙusa.

"Nababa, ka taɓa ganin ɗan'uwana a gidan nan?"

"A'a, Inna."

"Ka taɓa tambaya?"

Ya sunkuyar da kai.

"To, yarinyar nan ta tambaya. Ni ma daga dajin Kuyellon nan aka fizgo ni, ina riƙe da zanen uwata. Ubanka ya 'yanta ni, ya aure ni, ya rufa min asiri. In jikan bawa bai isa ya auri 'yarka ba, ɗan baiwa ma bai isa ya hana ba!"

Malam Nababa ya fashe da kuka. "Inna, ki yafe min!"

Rabi'atu ta koma aji, bayan jarrabawa aka ɗaura aurenta da Ƙasimu. Da ta gudu, da ta rasa uba, gaskiyar kuma ta bi tsohuwa kabari. Haƙuri ya ba ta duka. Mai tinƙaho da asali kuwa, ya fara zama gaban tsohuwarsa ya tambaye ta tukuna.