Ɓarawon da Ya Rufe Firji

Ƙarfe takwas saura kwata na safiyar Litinin waya ta yi ƙara a ofishin Sufeto. Ko hularsa bai cire ba.

"An fasa mana sito! An kwashe allurar rigakafi kaf! Ga mata sun cika harabarmu da yara!"

Daraktan gidauniyar lafiya ne, wadda ke bayan tashar mota. Gidauniyar tana ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci waɗanda iyayensu ba su da hali, su kuma suna taya ta aiki a ƙaramin asibitinta: awon ciki, rigakafin yara, da zagayawa unguwanni ana koya wa mutane tsaftar ruwa.

"Sajan, tada mota!"

Minti goma suka isa. Mata sun fi ɗari a ƙarƙashin rumfa, kowace da katin ɗanta tana fifita. Darakta ya tare su a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Sufeto, ba sai ka wahala ba, mun san wadda ta yi. Makullin sito biyu ne. Ɗaya yana hannun Sista, babbar nas ɗinmu, shekararta ashirin da shida a nan. Ɗayan yana hannun waccan."

Ya nuna wata ɗaliba da ke zaune a kan benci, siririya, da wani katon tabarau da ya kusa cinye mata fuska. Tabarau ma ake kiranta.

"Ita ce mai duba firji Asabar da Lahadi. Fasa taga kawai ta yi don a ce daga waje ne. Kwamiti zai zauna ƙarfe sha biyu, mu cire sunanta. Jibi take jarrabawar ƙarshe, amma ba da sunanmu ba."

"In kun cire ta fa?"

"Ba za ta shiga ɗakin jarrabawa ba. Shekara shida ta tashi a banza. Ita ta jawo."

Haka mutane suke. In abu ya ɓace, sai su duba wanda takalminsa ya fi tsufa. Sufeto dai ya ga ɓarayi masu takalmi mai ƙyalli da yawa a aikinsa.

"Mu ga siton tukuna," in ji shi.

Ɗaki ne ƙarami, dogon tebur ɗaya, kantoci cike da auduga da safar hannu. A kan teburin ga kwamfuta, ga majigin da ake haska wa ɗalibai darasi. A lungu farin firji yana ta gurnani. An fasa gilashin tagar baya.

Sajan ya yi fito. "Yallaɓai, wannan ɓarawon ɗan gata ne. Ya ga kwamfuta, ya ce a'a, na gode."

"Yaya kuka tarar da firjin?" Sufeto ya tambayi Darakta.

"A rufe. Sai da Sista ta buɗe muka ga babu komai. Kwalabe sittin, kowace ta yara goma."

"A rufe? Mutum ya fasa taga, yana sauri, yana tsoro, sannan ya tsaya ya rufe muku firji?"

Ya buɗe saman firjin, inda ake daskarar da robobin ƙanƙara na fita ƙauye. Ya ɗauki ɗaya ya girgiza. Ruwa ya yi ƙara a ciki. Ya ɗauki ta biyu, ta uku. Duk ruwa.

"Yaushe aka sa waɗannan?"

"Tun Alhamis."

"An ɗauke wuta ne?"

"Ba a ɗauke mana wuta, da hasken rana muke aiki."

Sufeto ya durƙusa ya leƙa bayan firjin. Soket ɗaya ne tak a duk ɗakin, filogin firji a ciki. Igiyar majigi tana kwance a ƙasa dab da shi, kamar wadda aka zare aka yar.

Ya miƙe yana murza hannu. Sajan ya san wannan murzawar. Abu ya fara daɗi.

Suka zagaya bayan tagar. Mai gadi ya biyo su, dattijo mai ɗingishi, yana ta rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Ranka ya daɗe, da kunnena na ji. Cikin dare, tas! Na fito da tocila, sun gudu."

"Su nawa?"

"Za su kai uku. Ko huɗu."

"Baba, wa ke share nan?"

"Ni ne. Kullum ƙarfe shida saura, kafin kowa ya zo."

"Yau ma?"

"Yau ma. Ka ga ai tsaf."

Tsaf ɗin ne kuwa. Sawun tsintsiya layi-layi a kan ƙasa, fasassun gilasai kuma zube a kansu suna ƙyalli.

"To Baba, ka share wuri ƙarfe shida saura, ka ɗaga gilasan da suka zube tun dare, ka share ƙarƙashinsu, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya?"

Sajan ya fashe da dariya. Mai gadi ya sosa ƙeya.

"Don Allah ka rufa mini asiri. Ban ji komai ba. Sista ce ta ce lalle cikin dare ne, ni kuma na ji tsoron a ce barci na yi. In na gama shara nakan je shan shayi can bakin titi, sai bakwai nake dawowa. Kowa ya sani. Darakta ne kaɗai bai sani ba."

"Ke nan tsakanin shida da bakwai aka fasa tagar nan. Rubuta, Sajan."

Sista suka samu a ɗakin allura tana jera sirinji. Doguwar mace, farar rigarta ko lanƙwasa babu, agogo a maƙale a ƙirji.

"Ƙarfe nawa kika zo, Sista?"

"Bakwai da kwata, kamar kullum."

"Ranar Juma'a an yi darasi a sito?"

"Ni na yi. Na nuna musu hotunan ƙyanda."

"Da majigi?"

"Da majigi."

"A ina kika jona shi?"

Hannunta ya tsaya a kan sirinji, ɗan kaɗan. "Ɗalibai ke jonawa. Ban lura ba."

"Me kike gani game da yarinyar?"

"Tana da ƙoƙari," in ji Sista, idonta a kan tiren sirinji. "Amma zuciyar mutum, ba a shiga."

Ƙarfe goma saura minti goma Sufeto ya zauna kusa da Tabarau a kan benci. Idanunta sun kumbura.

"Kin zo Asabar?"

"Na zo, Yallaɓai."

"Lahadi?"

"Na zo."

"Firjin lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Robobin ƙanƙara sun daskare?"

"Kamar dutse."

"To ƙarya kike yi, 'yata. Ruwa ne a cikinsu. Firjin nan a kashe ya kwana uku. Da kin buɗe shi sau ɗaya, da kin sani. Kin ga agogo? Saura awa biyu su cire sunanki. Wa kike karewa?"

Ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi, hawaye na zuba.

"Ban zo ba. Sista ta ce in zauna in yi karatun jarrabawa, ita za ta duba mini. Doka ce, ɗalibin da ya tsallake duba firji an sallame shi, wanda ya ba shi izini ma sai an hukunta shi. Yau da safe ta ce in ce na zo, za ta san yadda za ta yi. Ita ta koya mini riƙe allura, Yallaɓai. Mama nake ce mata."

"Ke yau ƙarfe nawa kika iso?"

"Bakwai da rabi, a motar makaranta, mu takwas."

Sufeto ya matso. "Yanzu ki manta da ni ɗan sanda ne. Jarrabawa nake miki. In rigakafi ya ji zafi, yaya ake ganewa?"

Ta mayar da tabarau. Muryarta ta canja nan take.

"Akwai tambari a jikin kowace kwalba, da'ira da ɗan fari a tsakiyarta. In farin ya yi duhu, ta lalace, ba a yi wa yaro."

"Sai a zuba a shara?"

"A shara?" Ta zaro ido kamar ya zage ta. "Haba Yallaɓai! Yaran unguwa suna tonon bolarmu. Kwali mai ruwan ɗorawa ake sawa, na sirinjin da aka yi aiki da su, a liƙe, a rubuta rana. Sista ta taɓa sa wani ɗalibi ya zazzage bola gaba ɗaya saboda kwalba ɗaya."

"Ina kwalayen suke zuwa?"

"Motar babban asibiti ke kwashewa a kai ƙonawa. Duk Litinin, ƙarfe goma."

A daidai lokacin aka ji hon a bakin get.

"Sajan! Get!"

Sajan, da ƙibarsa da komai, ya keta tsakiyar mata, ya tsallake wata jakar goyo, ya ture bokitin wanke hannu. Mata suka dare suna salati. Motar kwashe kwalayen ta riga ta fitar da kai titi. Ya daki bayanta da tafin hannu har sau uku.

"Tsaya! 'Yan sanda! Tsaya na ce!"

Direban ya taka birki, ya leƙo. "Lafiya? Shara ce fa, Oga. Sharar ma yanzu kamawa kuke?"

Kwalaye biyar ne a bayan motar. Sufeto ya ɗaga su ɗaya-ɗaya. Huɗu ba nauyi. Na biyar ya ja masa hannu, ya yi ƙarar gilashi.

An liƙe bakinsa da filasta, layi biyu a miƙe. A kan filastar an rubuta ranar yau, da lokaci: 6:20.

A ofishin Darakta aka buɗe shi, da almakashi da safar hannu. Kwalabe sittin cif. Tabarau ta ɗaga ɗaya wajen hasken taga. Tsakiyar tambarin ya yi baƙi.

"A kira Sista," in ji Sufeto.

Ta shigo, ta ga kwalin, ta tsaya.

"Rubutun wa ne wannan?"

Darakta ne ya amsa. "Shekara ashirin da shida ina ganinsa."

"Kin ce bakwai da kwata kika zo, Sista. Kwalin ya ce shida da ashirin. Wa zan yarda da shi?"

Ta ja kujera ta zauna, abin da ba a taɓa ganin ta yi a lokacin aiki ba.

"Na rubuta lokaci?" Ta kalli hannunta. "Wallahi ban san na rubuta ba."



"Ni na zare filogin ranar Juma'a, na ce minti arba'in ne. Ana gama darasi aka kira ni, 'yata tana naƙuda. Na kulle sito na fita da gudu. Kwana biyu muna asibiti, sai da aka yi mata aiki. Firji bai faɗo mini a rai ba sai yau da asuba. Na zo na tarar da shi ɗumi kamar ɗakin girki. Na jona, na kwashe kwalaben, na fasa taga da ƙarfen da ake rataye ledar ƙarin ruwa."

"Me ya sa ba ki bar su a ciki ba? Da sun sake yin sanyi."

Ta ɗago a fusace. "In bari a yi wa yara ɗari shida ruwan banza, iyayensu su tafi suna murna? Ni?"

"Me ya sa ba ki jefa su a kwata ba? Da har yanzu muna nema."

"Gilashi a kwata? Yara suna wasa a wurin."

"Kin tuna da yaran unguwa," in ji Sufeto, yana nuna Tabarau. "Wannan fa? Ita ba 'yar kowa ba ce?"

Sista ta juya wajen Tabarau, ta kasa haɗa ido da ita.

"Na ɗauka za a ce ɓarayin waje ne, a wuce wurin. Da Darakta ya nuna ki, na buɗe baki zan yi magana. Sai na tuna ɗaliban da na kora a kan abin da bai kai wannan ba. Na ji kunya, 'yata. Kunya ce kawai."

"Mama, jibi fa jarrabawata," in ji Tabarau. "Kin sani."

"Na sani."

Ana son a ce tsohon hannu ba ya kuskure. Yana yi. Abin da yake mantawa shi ne yadda ake cewa na yi.

Darakta ya goge fuska. "Ke, Tabarau, tsallake duba firji laifi ne, za ki amsa shi gaban kwamiti bayan jarrabawa. Amma sunanki yana nan. Jeki ki yi karatu."

"Ranka ya daɗe," in ji Sufeto, "in kwamitin ya zauna, ka sa su saya muku soket na biyu."

Ya juya wajen Sista. "Rahoton ƙarya, ɓoye shaida, da ɗora wa wata laifi. Mu je caji ofis."

Sajan ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ta miƙe da kanta, ta gyara rigarta, ta bi su ta ƙofar baya.

Har ta sa ƙafa a mota, sai ta hango Sajan yana tahowa rungume da kwalin a ƙirji, bakin kwalin a buɗe.

"Kai! Ajiye! Akwai allurai a ƙasan kwalin nan! Da hannu tsirara? Wa ya koya maka aiki?"

Sajan ya dire kwalin kamar ya taɓa garwashi. Ya tsaya ƙiƙam a rana, hannuwa a sama, har sai da Tabarau ta fito da gudu ta kawo masa safar hannu, ta nuna masa yadda ake sawa.