Notunan Ƙarƙashin Tebur

A unguwar Coal Camp, cikin garin Enugu, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mahaifinta, Malam Jumare, mai wasa wuƙaƙe ne. Mahautan kasuwar Ogbete duk wurinsa suke kawo wuƙaƙe da adduna.

Wata rana ɗan okada ya kaɗe shi da babur a hanyar kasuwa. Ya warke, amma hannunsa na hagu ya shanye. Ya daɗe zaune a gida ba ya aiki. Ko hira ma ya rage yi.

Ana nan sai Kawu Manu, ƙanin Umma, ya kawo masa bayis. Wani ƙarfe ne mai nauyi, mai baki biyu. Idan aka murza hannunsa, sai bakin ya matse abu ya riƙe shi kam.

"Yaya, ga wanda zai riƙe maka wuƙa," in ji Kawu Manu. "Kai dai ka yi ta gogawa da hannun dama."

A ranar Baba ya yi dariya har da tafa cinya.

Ranar Asabar da hantsi ya kira yarinyar rumfarsa da ke ƙofar gida. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata.

"Uwata, zo ki taya ni. Yau za mu ɗaura bayis."

Suka ɗora shi a kusurwar tebur, daidai saman ƙafar teburin, inda katako ya fi ƙarfi. Ta sa fensir ta yi alama a ramuka huɗu. Baba ya huda katakon a hankali, ya zura dogayen ƙusoshi masu zare ta sama.

"Saura ƙasa," ya ce. "Ni ba zan iya shiga ba. Ga washa, faifan ƙarfen nan mai rami. Ki fara sa shi, sannan noti. Ki ɗaure da sifana har sai ya ƙi juyawa."

Ta rarrafa ta shiga ƙarƙashin tebur. Wurin da duhu, ga zafi, ga yanar gizo. Ta ɗaure noti na farko, hannunta ya yi ja.

Sai ta ji muryar ƙawarta Kamila daga waje.

"Ke, ki fito mana! An fara sa lallen biki a gidanmu. Idan kin daɗe zai ƙare!"

Zuciyar yarinyar ta koma gidan biki. Ta ɗaure na biyu ba washa. Na uku da na huɗu suna can lungu, hannu ba ya kai musu sosai. Ta murza su da yatsa kawai. Sauran washa ta tura su bayan ƙafar tebur.

"Wa zai gani?" ta ce a ranta.

"Kin ɗaure duka?" Baba ya tambaya.

"Na ɗaure, Baba."

Ya girgiza bayis ɗin, bai motsa ba. "Allah ya yi miki albarka," ya ce. Ta ruga a guje.

Ranar Litinin da ta dawo daga makaranta, ta tarar da mutane a ƙofar rumfa. Bayis na kwance a ƙasa. Gefen tebur ya tsage. Ga jini a kan katako.

Wani mahauci mai suna Isah ne ya gaya mata abin da ya faru. Baba na cikin wasa wata babbar adda, ya danna da ƙarfi. Sai bayis ya karkata, katako ya ɓalle, addar ta zame ta yanke shi a tafin hannun dama.

An kai shi asibiti an ɗinke. Ya dawo gida hannu naɗe da bandeji. Yanzu ko cokali ba ya iya riƙewa. Umma ce ke ba shi abinci a baki.

Bai yi wa kowa faɗa ba.

Da yamma yarinyar ta ji yana magana da Umma a tsakar gida.

"Suwaiba, tawa ta ƙare. Ramuka huɗu kawai na huda, su ma ban iya ba. Mai hannu ɗaya ba ya wannan sana'a."

"Haba Malam, kada ka ce haka."

"Gaskiya ce. Ki gaya wa Manu ya zo ya kwashe kayan aikin. In na warke mu koma ƙauye."

Yarinyar ta maƙale a bayan ƙofa. Ta dubi lallen da ke hannunta. Ta ji kamar ta kankare shi da dutse.

Kwanaki suka wuce. Rumfa na rufe. Mahauta sun daina zuwa. Baba ya rame, yana zaune a tabarma yana kallon bango. Ita kuma abinci ya ƙi shiga. Duk lokacin da ta buɗe baki za ta faɗa, sai tsoro ya hana ta. Ta tabbata idan ya ji, ba zai ƙara ce mata Uwata ba.

A makaranta ma ta daina ɗaga hannu. Ranar nan da aka fita tara, Malama Sadiya ta tsayar da ita.

"Me ke damunki? Jikin Baban ne?"

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, har da lalle, har da washa.

Malama ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Kin yi laifi babba. Amma akwai wanda kike kan yi yanzu, ya fi wancan."

"Wanne, Malama?"

"Babanki yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. Ke kaɗai za ki iya sauke masa."

"Zai tsane ni."

"Zai ji zafi. Amma ki je ki faɗa masa yau."

Da ta isa gida, ta wuce rumfa. Ta rarrafa ƙarƙashin tebur, ta lalubo washa a cikin ƙura. Ta je gaban Baba ta durƙusa, ta buɗe tafin hannunta.

"Baba, ba kai ba ne. Ni ce. Ban sa waɗannan ba. Notuna biyu kuma da yatsa na murza. Na yi maka ƙarya."

Ya daɗe yana kallon ƙarafan. Fuskarsa ta ɗaure. Umma ta saki muciya ta yi salati.

"Na tambaye ki, kika ce kin ɗaure," ya ce a hankali.

"Ka yafe mini, Baba."

"Da addar nan ta sauka a wuyan hannu fa?"

Sai hawaye suka zubo mata.

Can sai ya ja dogon numfashi. Ya juya wajen Umma.

"Suwaiba, kin ji? Ashe ramukana daidai suke. Ashe zan iya."

Ya dubi yarinyar ya ce, "Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da kin yi shiru, da na bar sana'ata a banza. Na yafe miki. Aikin da kika bari kuma, ke za ki ƙarasa shi."

Da hannun ya warke, Kawu Manu ya kawo sabon katako mai kauri ya sauya saman tebur. Ya ƙara wani guntu a ƙasa domin ƙarfi. Baba ya huda ramuka da kansa. Yarinyar ta shiga ƙarƙashi da tocila a baki. Washa, sannan noti. Ta ɗaure wannan kaɗan, ta koma na can, tana zagayawa har duk suka ƙi juyawa. Gumi ya jiƙe mata hijabi, ba ta fito ba sai da Kawu ya leƙa ya duba.

Kawu Manu ya kama bayis da hannu biyu ya jijjiga. Tebur gaba ɗaya ya motsa, bayis ko gezau.

Washegari Isah mahauci ya zo da wuƙaƙe cike da buhu. Kafin azahar ƙarar wasa wuƙa ta cika layin, Baba na aiki yana raha da masu wucewa.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa aikin da ba a gani shi ma sai an yi shi da kyau, domin wani na dogara da shi. Kuma idan ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, kada wani ya sha wahala saboda shirunka.