Kaskon Gurguwa

Inna ba ta nan yanzu. Akurkinta yana nan a bayan ɗaki, amma babu muryar da kaji suka sani.

A can baya tana da 'yan kaji kaɗan, a cikinsu akwai gurguwa. Kullum in an zuba dusa, tambayarta ɗaya ce: "Gurguwa ta ci?"

Wata rana kaskonsu ya fashe. Yayana ya sayo ƙatuwar tasa mai zurfi. Zakara ya faɗa ciki yana ta watsa dusa da ƙafa. Gurguwa ta miƙa wuya, ba ta kai ba.

Yaya ya ce, "Inna, tasar nan ai ta ishi kajin unguwa!"

"Allah ya yi albarka, ɗan nan. Amma gurguwa ta ci?"

Aka gwada ƙaramin kwano. Manyan suka rufe shi, suka ture gurguwa. Ta fara ramewa.

Sai Inna ta maƙale ta a hammata, ta nufi gidan mai ginin tukwane. Ta ce, "Auna wuyanta. Ina son kasko mai faɗi, marar zurfi, kowa ya sami gefe."

Matar ta ƙyalƙyale da dariya. "Iya, yau kuma kaza aka kawo awo?" Amma ta gina.

Da kaskon ya iso, gurguwa ta ci ta ƙoshi.

Kaskon yana wurina. In na zuba dusa, ba na tashi sai ƙaramar cikin kajin ta ci. Ku taya ni roƙo: Allah ya ji ƙan Inna, ya yalwata mata makwanci. Amin.