Harshen Mai Tallan Sabulu

Na san mutumin tun yana yawo da jakar samfur a kafaɗa, wakilin wani ƙaramin kamfanin sabulu. Ɗan Talla ake ce masa. Shago-shago yake bi, ya baje kaya a kan kanta, ya yi bayani har yawu ya ƙafe, mai shago na can yana danna waya. Manyan diloli kuwa ko kujera ba sa ba shi. Matarsa ce kaɗai ke sauraronsa. In ya dawo sai ta zauna kamar mai saye, ya gwada mata sabon salon talla, tana dariya tana cewa ya rage mata.

Da manaja ya fara zancen sallamarsa daga aiki, sai direban kamfanin ya yi masa kwatancen wani boka.

Ɗakin bokan na bayan wani rufaffen sito, ba taga. Baƙar tukunya a tsakiya ɗaure da jan ƙyalle, bango kuwa jere da busassun harsunan dabbobi, kowanne a kan ƙusarsa. Bokan bai amsa sallama ba.

"So nake in na buɗe baki a saya," in ji Ɗan Talla.

"Kunnuwa kake nema. Ba a ƙera su, ɗebowa ake yi."

"Daga ina?"

"Daga inda kake da su. Ka yarda?"

Bai gane ba, amma ya gyaɗa kai. Bokan ya ƙona harshe ɗaya, ya kwaɓa tokar da ruwan tukunyar, ya goga masa a nasa.

Kasuwa ta buɗe. Diloli suka riƙa jiransa a ƙofa, otal-otal da makarantu na rububin kwangila. Ya kafa nasa kamfanin, fuskarsa a alluna, muryarsa a rediyo.

A gida kuwa matarsa ta daina jinsa. Tana jin ƙarar ƙofa, tana jin tarin maƙwabta, amma in ya yi magana sai ta wuce. Likita ya ce kunnenta lafiya lau. Mahaifiyarsa, wadda idonta ya mutu tuntuni, ta kwanta ciwo. Yana gefenta yana kiran "Inna, ga ni," ita tana tambayar abin da ya hana ɗanta zuwa, har ta cika. 'Yarsu ta zare, ba ta furta komai sai waƙar tallansa. Matar ta ɗauke ta suka tafi.

Ranar da abin ya ishe shi, ya tara 'yan'uwa, ya faɗi abin da ya aikata yana kuka. Suka saurara tsit. Sai kawunsa ya sa hannu a aljihu ya ce, "Katan nawa na sabulun ya rage?"

Daga nan ya daina magana, kamfanin ya durƙushe. Yanzu yana zaune a bakin shagon da babu komai a cikinsa. Kwanaki na gaishe shi, ya buɗe baki zai amsa, sai na ji hannuna ya nufi aljihu. Ya gani. Ya rufe bakin, ya kau da kai.

Kai mai neman kasuwa ko ta halin ƙaƙa, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya ba ka komai sai abin da ya zare daga gidanka.